Tafkin Bagauda: Ruwan jiya da sunan shekara dubu

Hausawa na cewa suna linzami ne. Galibi idan aka yi wannan magana ɗan Adam ake nufi, wato sunan da aka raɗa wa jariri ran bakwai yakan ja shi zuwa ga halin mai sunan. To, wurare ma ba su tsira daga wannan linzami ba. Sunan gari ko na dutse ko na kogi yakan juya kan mai sauraro zuwa ga wani labari, ya kuma kawar da idonsa daga wani. Saboda haka a wannan makon nake so mu ɗan tsaya a bakin wani ruwa da ke ƙasar Bebeji, kudu da birnin Kano, a kan hanyar Tiga, wato Tafkin Bagauda. Ruwan nan bai cika shekara 60 da taruwa ba, amma sunan da ke kansa ya haura shekara 1,000. Yadda aka yi tsohon suna ya hau kan sabon ruwa, da abin da ya sami wurin daga baya, suna da abin da za su gaya mana mu mutanen kudancin Sakkwato, da muke zaune tsakanin fadamu da tafkunan da galibinsu ba su taɓa shiga littafi ba.

Mu fara da ruwan. Ranar 27 ga Mayu, 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta rushe tsarin yankuna huɗu, ta raba Nijeriya zuwa jihohi 12. Lardin Kano ya zama jiha mai cin gashin kanta, mu kuma Lardin Sakkwato aka haɗa mu da na Neja cikin Jihar Arewa maso Yamma. Wanda aka ɗora wa riƙon Kano shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, wanda aka haifa a Kaduna a 1924, ya kuma riƙe jihar har zuwa juyin mulkin 1975. Ya tarar da ƙasa mai ɗimbin jama'a da ƙarancin gonaki. Damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, da an kai amfani rumbu sai majiya ƙarfi su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani. Ruwan da ke sauka a tsaunukan kudancin jihar kuwa yakan bi Kogin Kano da na Calawa, ya wuce Wudil, ya gangara Haɗeja, kafin tsakiyar rani kogunan sun koma rairayi. Dabarar gwamnan mai sauƙin faɗi ce: a tare ruwan damina, a yi noma da shi da rani.

Madatsar Bagauda ce aka fara gwada wannan dabara da ita. An soma aikin a 1969, yaƙin basasa bai ma ƙare ba, da nufin shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Da aka ga abin ya karɓa, sai aka ɗauko babban aikin, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kammalawar ta zo daidai da ƙarshen farin da ya gallabi ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka mutu, talakawa suka ga tasku. Tumatir da albasa da alkama da shinkafar da ake lodawa yau a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure jikokin wancan tunani ne. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa ruwan da aka tare a sama ya rage ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara a kanta. Duk madatsar ruwa tana da mai dariya a sama da mai kuka a ƙasa.

Audu Baƙo bai tsaya ga noma kaɗai ba. Yana da ra'ayin cewa jihar da ta san ciwon kanta tana bukatar wurin da mutanenta da baƙinta za su je su huta, su ga ruwa da itatuwa da namun daji. A zamaninsa aka kafa gidan namun dajin Kano da ke ɗauke da sunansa yau. A zamaninsa aka ɗaga darajar gandun dajin Kogin Kano, wanda aka kebe tun zamanin Turawa, ya zama gandun namun daji, shi ne wanda muka sani yanzu da sunan Falgore, wanda iyakarsa ta arewa ke shan ruwan Tiga. A bakin Tafkin Bagauda kuma gwamnatin jiha ta gina masauki mai ɗakunan kwana da zauren taro, ya zama wurin da ake kai manyan baƙi, ake gudanar da tarurruka, iyalai kuma suke zuwa shan iska ranakun hutu. Wurin mallakar jiha ne, da dukiyar jama'ar jiha aka gina shi, domin amfaninsu.

To, mu dawo ga sunan. Wane ne Bagauda? Babban abin da ake dogara da shi wajen saninsa shi ne littafin nan na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Baturen nan H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Littafin ya nuna cewa kafin zuwan Bagauda akwai mutane a kewayen Dutsen Dala, suna da shugabansu Barbushe, suna da abin bautarsu Tsumburbura. Bagauda ya zo ne daga waje tare da jama'arsa, ya rinjayi shugabannin da ya tarar, ya zama sarki na farko. Littafin ya ce sunansa na yanka Dauda, ana kuma yi masa laƙabi da Yakano, ya yi shekara 66 yana sarauta.

Akwai ɗan abin lura a nan ga ɗalibai. A littattafan makaranta za ku ga an rubuta cewa Bagauda ya yi mulki daga 999 zuwa 1063, wanda in an lissafa shekara 64 ke nan. Ina sauran biyun suka shiga? Amsar ita ce shekara 66 ɗin ta Hijira ce, daga 389 zuwa 455, ita kuwa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka a duk shekara 33 ana samun ratar shekara guda. Sannan shi littafin yawan shekarun kowane sarki ya bayar. Palmer ne ya bi su da lissafi daga baya zuwa farko har ya iso 999. Ke nan shekarar nan da muke haddacewa sakamakon lissafi ce, kuskure kaɗan a tsawon mulkin sarki guda zai iya gusar da ita gaba ko baya. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, yana dai koya mana yadda ake riƙe shi.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, Bagauda bai zauna cikin birnin Kano da muka sani ba. Tarihin ya danganta zamansa da Sheme. Ɗansa Warisi ne ya gaje shi, sai a zamanin jikansa Gijimasu, wanda aka sanya mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, aka fara gina ganuwar birni. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarauta, ta ratsa zamanin Yaji da na Muhammadu Rumfa da na Kutumbi, har zuwa sarki na 43, Muhammadu Alwali, wanda mayaƙan jihadi suka ci da yaƙi, ya gamu da ajalinsa a Burumburum a 1807. Burumburum tana ƙasar Tudun Wada ta yau, maƙwabciyar Bebeji. Ashe ke nan yankin da aka ɗora wa sunan wanda ya kafa gidan sarautar ya fi kusa da inda gidan ya rufe ƙofa.

Bayan Tarihin Kano akwai wasu riwayoyi. Labarin Bayajidda na Daura ya sanya Bagauda cikin 'ya'yan Bawo da suka watsu suka kafa sarauta: Kumayau a Katsina, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir, Zamna Kogi a Rano, shi kuma a Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo riwayar da ta danganta Bawo da Barno. Akwai kuma tsohuwar waƙar nan da ake kira Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a tsakiyar shekarun 1960, wadda ta fito da shi a siffar maharbi da ya fara saran daji. Riwayoyin sun saɓa a kan asalinsa da sana'arsa, amma sun haɗu a kan abu guda: baƙo ne ya zo, ya zauna, ya zama tushe.

Shi kansa lafazin sunan yana da abin dubawa. Duk mai jin Hausa ya san aikin ɗafin nan na “ba” a farkon kalma: Bakano mutumin Kano, Bagobiri mutumin Gobir, Bakabe mutumin Kabi, Bazamfare mutumin Zamfara. In aka bi wannan ƙa'ida, Bagauda ya yi kama da tilon Gaudawa, wato sunan dangi ko na wurin da aka fito, musamman da yake littafin ya riga ya ba shi wani suna na yanka daban. Wannan hasashe ne da siffar kalmar ta ba da dama a yi, a matsayin hasashe kuma ya kamata a riƙe shi. Abin da za a guje wa shi ne saurin danganta sunan da itacen gauɗe don kawai kunne ya ji kama. Harafin da ke cikin gauɗe mai lanƙwasa ne, na Bagauda kuwa ba shi da ita, Bahaushe kuma bai taɓa ɗaukar dawa da ɗawa abu guda ba. Yawancin labaran asalin suna da ake bayarwa a bakin kasuwa daga irin wannan kamar kunne suke tasowa: a ji suna, a yanka shi gida biyu, a ƙago labarin da zai dace da yankan.

Yanzu tambayar ita ce, me ya sa aka zaɓi wannan suna ga wannan ruwa? Ba don Bagauda ya taɓa shan ruwan ba, tunda tafkin aikin injiniyoyin ƙarni na 20 ne. Da ma kusanci ake nema, Bebeji maƙwabciyar Rano ce, kuma ga Zamna Kogi nan wanda sunansa ma ya riga ya jiƙe da ruwa. A ganina amsar tana cikin halin da Kano take ciki a lokacin. Sabuwar jiha ce da aka yanko daga tsohuwar Arewa, tana bukatar abin da zai haɗa Bahaushe da Bafulatani, ɗan birni da ɗan ƙauye, mutumin Kano da na Haɗeja da Gumel da Kazaure, waɗanda a lokacin duk cikin jihar suke. Sunan ɗan siyasa zai raba kan jama'a, domin raunin rikicin NEPU da NPC bai warke ba. Sunan sarki mai ci ko na mahaifinsa zai zama na masarauta guda. Bagauda kuwa ya yi nisan da ba ya da abokin gaba a raye. Sunan yana cewa sabuwar jihar nan tsohuwar ƙasa ce, aikin da ake farawa yau kuma ci gaba ne na saran dajin da aka fara tun shekara dubu. A zamanin ne ma aka ga sunan ya hau kan masaƙar da Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa a Kano.

Abin yabo a nan shi ne gwamnan bai sa wa ruwan sunan kansa ba, alhali yana da ikon yin hakan, ba kuwa mai ce masa don me. Soja ke mulki, babu majalisa, babu 'yan adawa. Tiga ma sunan wurin aka bar mata. Sai bayan ya bar gado, ya kuma rasu a 1980, mutane suka riƙa sa sunansa a kan gine-gine don ganin damarsu. A kwatanta wannan da abin da muke gani yau, inda ake liƙa sunan mai mulki a kan gada tun siminti bai bushe ba, wanda ya gaje shi kuma ya zo ya kankare ya sa nasa ko na ubangidansa. Sunan da mai iko ya raɗa wa kansa yakan tafi tare da ikon. Na Bagauda ya ga gwamnoni sun zo sun wuce, ba wanda ya ga dalilin taɓa shi.

Sai dai suna ba ya tsare gini. A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. Ruwa ya bi gonaki da gidaje, aka rasa rayuka da dukiya, sai daga baya aka sake gina ta. Irin waɗannan madatsu da ƙasa ake ɗaga su, a daddage ta hawa-hawa, kuma abokan gabarsu sanannu ne. Yashi da laka suna taruwa a gindin tafki kowace damina, su rage masa ciki. Saiwar itace da gara da ɓera suna huda jikin ginin, ruwa ya sami hanyar tsiyaya. Idan kuma ruwa ya fi ƙarfin mafitar da aka yi masa, ya bi ta kan ginin, cikin 'yan sa'o'i zai zaizaye shi. Maganin duk wannan dubawa ce a kai a kai da gyara tun ɓarna tana ƙarama, aikin da ba a yanka masa ƙyalle, ba a kuma kiran 'yan jarida, shi ya sa ba ya samun mai so. Mu da ke ƙarƙashin Goronyo da Bakalori mun san abin da ake nufi idan aka ce an saki ruwa, ambaliyar 2010 ba ta bar zukatan mutanen Sakkwato da Kebbi ba.

Masaukin ma bai tsira ba. Kamar sauran wuraren kasuwancin da gwamnati ke riƙe da su, baƙi suka ragu, gyara ya yi wuya. A farkon shekarun 2000 aka miƙa gine-ginen ga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, suka zama reshenta na Kano. Wannan ya ceci wurin daga zama kufai, kuma dubban lauyoyi daga kowane sashe na ƙasar nan sun yi zaman karatu a can. Amma ma'anar sunan ta sake juyawa. A yau idan ka ce Bagauda a gaban matashi ɗan Legas ko ɗan Inugu, makarantar lauyoyi zai fahimta. Manomin Kadawa zai tuna ruwan rani, dattijon Bebeji zai tuna ambaliya, ɗalibin tarihi ne kawai zai tuna sarki. Wurin hutawar jama'a kuwa, wanda shi ne rabin manufar farko, ya fita daga lissafi. Falgore ma ta shafe shekaru sunanta na fitowa a labaran satar shanu da fashi, har sojoji suka mai da wani sashenta filin atisaye a 2017. Yaron da aka haifa a wannan zamani, in ya ji Falgore, tsoro ne ke fara zo masa kafin barewa ko gwanki.

Idan muka leƙa waje za mu ga cewa Kano ta yi sa'a da irin sunan da ta samu. Babban tafkin Afirka ta Gabas yana ɗauke da sunan Sarauniya Biktoriya tun 1858, lokacin da John Speke ya iso bakinsa, alhali Baganda suna kiransa Nalubaale tun kaka da kakanni. A Jamhuriyar Nijar, gandun dajin da aka ayyana a 1954 a bakin Kogin Kwara ana ce masa W, domin lanƙwasar kogin a wurin ta yi kama da wannan harafi a kan taswira. Masuncin da ke tuƙa kwalekwale a wurin bai taɓa ganin wannan harafi a kan ruwa ba, sai wanda ya duba daga sama ko daga takarda. Kusa da mu kuma ga Kainji. Sunan wani tsibiri ne da aka gina madatsar a kansa tsakanin 1964 da 1968, daga nan ya hau kan tafkin, ya kuma hau kan gandun dajin tarayya da aka kafa a 1979 ta hanyar haɗa dajin Borgu da na Zugurma. Sunan ƙaramin tsibiri ya cika duniya, tsohon garin Busa kuwa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa. An tashi mutum sama da 40,000, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yawuri, kuma kowane tsibiri da mashaya da gindin kuka da suka bari yana da sunansa.

Nan ne gizo ke saƙar. Duk tafkin da mutum ya tara da hannunsa, a kan gonakin wasu da hurumin wasu da makabartar wasu ya kwanta. Sabon sunan da aka ɗora a sama, komai kyansa, murfi ne a kan sunaye masu yawa: fadamar wane, rijiyar wance, kwarin kaza. Waɗannan ƙananan sunaye su ne rijistar talaka. Da su ake sanin iyakar gona ranar da aka yi gardama, da su ake gane burtalin da shanu ke bi, da su ake tuna inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar babbar ambaliya. Idan suka nutse ba tare da an rubuta su ba, an yi asarar hujja da ilmi a lokaci guda.

Akwai kuma misali mai daɗin ji a ƙasar Maraɗi. Tafkin Madarumfa da dajin da ke kewaye da shi da kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta sun shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Abin da ya riƙe wurin shi ne mutanen garin suna da labari a kansa, suna kuma ganin girmansa. Haka Matan Fada a Argungu. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kuma ginshiƙinsa shi ne dokar gargajiya da ke hana su a wurin sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Inda suna ke da labari, labarin kuma ke da masu tsaronsa, ruwa yakan daɗe. A nan Sakkwato ma ba a bar mu a baya ba wajen ruwa mai tarihi: kowane ɗalibi ya ji Tafkin Kwatto, inda jama'ar Shehu suka gwabza da rundunar Yunfa a watan Yunin 1804. Amma mutum nawa ne cikin masu haddace sunan za su iya kai baƙo wurin?

To, mu dawo gida. Daga Sanyinna zuwa Jabo, daga Romon Sarki zuwa Kuci da Ungushi da Margai, ƙasarmu ƙasar fadama ce. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Kebbe, damina kuma takan bar tafkuna da ƙoramu da ke ciyar da masu homa da taru, da masu shinkafa da albasa, da makiyayan da ke gangarowa da rani. Kowane ɗaya daga cikin ruwayen nan yana da suna, kowane suna yana da dalili a bakin wani dattijo. Wasu sunayen ma shaida ne a kanmu. Dogon Daji bai sami sunansa a banza ba, mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega a yau sai ya duba dama da hagu ya tambayi kansa ina dajin ya tafi. Ranar da wata gwamnati za ta zo da aikin madatsa ko na wurin shaƙatawa a wannan yanki, kuma ranar tana tafe domin bukatar noman rani ƙaruwa take yi, za ta zo da allonta a rubuce. In ba mu riga mun tanadi namu ba, sai mu wayi gari muna kiran ruwan kakanninmu da sunan wanda bai taɓa jiƙa ƙafa a cikinsa ba.

Shawarata ta farko ga ɗalibai ce, musamman na sassan Hausa da tarihi da labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari. Maimakon maimaita kundin da aka yi sau goma, kowa ya ɗauki gundumarsu, ya zauna da Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da arɗo da tsofaffin mata masu ɗiban ruwa, ya rubuta sunan kowane tafki da mashaya da fadama. Ya rubuta shi yadda masu wurin ke furta shi, da lanƙwasarsa da karin harshensa, kada ya gyara shi zuwa Hausar Kano. In an ba shi labari biyu masu karo da juna, ya rubuta duka biyun da sunan garin da ya ji kowanne, kamar yadda muka ga riwayoyin Bagauda sun saɓa kuma kowace ta amfane mu. Wayar da ke aljihunsa ta isa ta ɗauki murya, ta kuma nuna inda wurin yake a taswira. A ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wani kwafin a fadar hakimi.

Ta biyu ga hukumomi ce. Idan za a raɗa wa wuri sabon suna, a tambayi masu wurin tukuna, kuma a bar tsohon sunan ya zauna kusa da sabon a kan allo da cikin takardun gwamnati. A kafa allo da boko da ajami mai bayyana ma'anar sunan cikin 'yan layuka, domin yaron da aka kawo yawon buɗe ido ya koma gida da wani abu a ka. A kuma guji sunan mai rai da ke kan kujera. Kafin a aza tubalin farko, a faɗi inda kuɗin gyara zai riƙa fitowa shekara 20 masu zuwa, a kuma ba mutanen wurin rabo a cikin kula da shi da cin moriyarsa, domin abin da ba na kowa ba shi ne ke fara lalacewa. Ga 'yan uwanmu na Kano kuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: bakin Tafkin Bagauda yana da faɗin da za a kebe wa jama'a wani sashe, da inuwa da wurin zama da tsaro, ba tare da an takura wa masu karatun lauya ba.

Bagauda ya sari daji ya bar suna. Audu Baƙo ya tare ruwa, ya ɗauko sunan ya ɗora a kai, ya bar nasa a gefe. Abin da ya rage wa na baya shi ne riƙo, kuma a nan ne aka fi samun mu da rauni. Dattawan da ke riƙe da sunayen ruwayenmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma da nasa kundin yake shiga ƙasa. Wanda ke da kaka ko kakan da ya san dalilin sunan tafkin garinsu, ya je ya tambaya tun a hutun nan, kada ya jira na baɗi.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Sai mako mai zuwa, in mai duka Ya kai mu.